Bargon doki a kujerar baya

Shekarun baya, zamanin da ake wuni a layin mai a Umdurman, soja kuma shi ke cewa a wuce ko a tsaya a bakin gada, muna da mota a gidanmu na unguwar Umbadda. In na ce "muna da", baki ne kawai. Tsohuwar mota ce da surukina ya rasu ya bar wa 'ya'yansa biyu, mijina da yayansa. Da yake mai ya yi wuya, fita ɗaya take yi da safe ta kwashe kowa, da yamma ta dawo da su. Mijina ke tuƙi, a sauke ɗiyata a makaranta, a sauke Yaya a bakin kasuwa, inda yake ɗaure dokin da ke ja masa keken dako.

Kujerar baya ta yage har soso ya leƙo, sai Yaya ya shimfiɗa mata tsohon bargon dokinsa. Da yamma kuma ya shigo da riga duk gashi, ya jefa linzami a kai. A nan ɗiyata ke zama.

Tun ba mu kula ba har muka kula. Da ta shiga motar sai atishawa, ido ya yi ja, ƙirji ya kama kuka kamar ɗan kyanwa. Likita ya ce tana da hasasiyya, wato jikinta ba ya jituwa da gashin doki, kuma in aka yi sake numfashinta na iya ɗaukewa.

Ni kuwa da ɗan bokona na ɗauko kalmar likita da zafinta, ina ganin da na faɗe ta magana ta ƙare. Na tarar da Yaya yana shan shayi a tsakar gida, na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Yaya, likita ya ce yarinyar nan tana da hasasiyya. Don Allah a ɗauke bargon nan, ni zan riƙa goge motar kullum."

Na manta a Larabcin garin nan kalmar baki biyu gare ta: tana nufin cutar, tana kuma nufin 'yar tsama tsakanin mutane. Yaya ta biyun ya zaɓa ya ji.

Ya ajiye kofi ya ce, "Hasasiyya da wa? Da ni? Da gumin dokin nan aka auro ki. Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan, tare da jakuna suka kwana, ba wanda ya mutu. Halas, shi ke nan, ki fito fili ki ce muna miki wari."

Na dubi mijina, shi kuma ya dubi ƙasa. Da muka shiga ɗaki ya ce, "Ki yi haƙuri, yayana ne."

Na yi iya dabarata. In goge kujera da jiƙaƙƙen tsumma, in naɗe bargon in tura bayan mota, kafin a tashi Yaya ya mayar da shi mazauninsa. Ba ya ko kallona.

Ranar da abin ya kai maƙura, biki za mu Khartoum. Muna hawa gada sojoji suka tare hanya, wai wani babba zai wuce. Ga rana, ga motoci sun cushe. Yarinyar ta riƙe mayafina, tana buɗe baki numfashi ya ƙi shiga, leɓenta ya sauya launi. Na goya ta, ƙatuwa da ita, na ratsa tsakanin motoci ba takalmi, ina roƙon soja da Larabci da Hausa duk a haɗe. Wani bawan Allah a ƙetare ya kai mu asibiti. Sai da aka ɗaura mata iska ta dawo.

Na ɗauka yanzu kam an gani da ido. Aka zauna a gida, surukata ta yanke hukunci: "Tunda motar ba ta karɓe ta ba, ta daina shiga. A zauna lafiya." Haka bargo ya ci kujera, ɗiyata ta koma cusuwa a bas da ƙirjin nan nata har ta gama makaranta.

Ana nan, jikan Yaya na fari ya tasa, shi ma ya fara irin wannan kukan ƙirji. Ba a yi mako ba na ga Yaya da kansa ya fizge bargon ya jefar a bola, ya wanke motar da sabulu. Sannan ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Ƙanwata, maganin nan na shaƙa, yaya sunansa? Ashe cutar gaskiya ce."

Ashe. Iyakar ban haƙurin da muka samu ke nan. Ɗiyata ce ta tashi ta ɗauko nata ta miƙa masa.

Yanzu Yaya ya rasu, motar ta zama ƙarfen gwangwan, ɗiyata na da 'ya'yanta. Ana ce mini in manta, kuma ina yi masa addu'a, Allah ya sani. Amma na gane a wasu gidajen ciwo ba ya zama ciwo sai ya kama ɗan mai iko. Ban taɓa jin haushin dokin ba. Abin da ya tsaya mini a wuya har gobe shi ne, ina tsaye ranar da aka ɗauke bargon nan, kuma da hannu ɗaya Yaya ya ɗauke shi.