Ardith Pagenkopf Da Kabarin Mai Yatsu Bakwai

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, Allah Ya karɓi ran Ardith Pagenkopf, yayar mijina, a gidanta da ke bayan cocin garinmu Kammin, tana da shekara saba'in da tara. Ina riƙe da hannunta, ƙaninta Delmar kuma yana tsaye bakin taga ya ba mu baya. Wanda Ya ba mu ita Shi Ya karɓi abinSa, mu ma muna nan tafe. Kafin rana ta yi tsaka aka buga ƙararrawar coci sau saba'in da tara, ɗaya ga kowace shekara, kamar yadda aka saba. Manoma suka tsayar da tarakta suna ƙirgawa, suka san wadda ta tafi ba tare da an gaya musu ba.

Yaya Ardith, shekara hamsin da shida ina cikin danginku, amma ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Amarya kika kira ni ranar bikina, Amarya kika ci gaba da kirana har na yi furfura na yi jikoki. Shekara talatin da huɗu kika yi a masana'antar cuku kina gwajin madara, kuma yadda ba kya barin gurɓatacciyar madara ta wuce ki, haka ba kya barin gurɓatacciyar magana. Babu gidan haihuwa ko na rasuwa a garin nan da tukunyar miyar dankalinki ba ta shiga ba. Sai dai ba kya ba da kyauta sai da faɗa. Za ki ajiye tukunyar ki ce labulen gidan ya yi datti, ki kwance shi, ki tafi da shi ki wanko.

Alherinki mafi girma a kaina shi ne wanda ba mu taɓa zancensa ba. A shekarar 1970 Delmar ya dawo daga yaƙin Vietnam da jikinsa lafiya lau, amma ba mutumin da na raka tasha ba ne. Kukan 'yarmu Corinne, lokacin tana wata goma sha ɗaya, yakan sa shi kyarma har ya fita ya shige rumbun ciyawa ya wuni a can. Wata safiya kika zo da kwando, kika zuba kayan yarinyar a ciki, kika ce, "Amarya, ba ni aron 'yar nan kwana biyu, gidana ya yi shiru da yawa." Kwana biyun nan shekara biyu suka zama. Kika maido mana ita tana gudu tana surutu, lokacin da ubanta ya iya ɗaukarta. Tsawon shekarun nan ban taɓa jin kin ambata wa kowa ba. Mu ma ba mu yi miki godiya da baki ba, don godiyar za ta tono abin da Delmar ya binne.

Kowa a Kammin ya san labarin kakan kakanku, Johann Pagenkopf, wanda ya taso daga Jamus ya tsallako teku zuwa ƙasar nan a 1856, ya shiga rundunar Arewa a yaƙin basasar da aka yi a kan bauta a wancan zamani, ya dawo ya sare daji ya kafa gonar da muke ci har yau. Hotonsa na rataye a falonmu: dattijo mai gemu, a zaune, hannayensa bisa gwiwoyi. Dutsen kabarinsa ya fi na kowa tsawo, a gefensa kuma an kafa tauraron ƙarfe irin na tsoffin sojoji, wanda ake soka tuta a cikinsa. Shekara talatin Delmar ne ke bin maƙabarta da bokitin tutoci duk ƙarshen Mayu, gabanin ranar tunawa da sojoji, kuma kullum da kabarin Johann yake farawa. Yakan tara 'yan makaranta a wurin ya ce musu ga namijin da ya je yaƙi ya dawo, washegari ya kama garma.

Da kika bar aiki, sai kika aika aka kawo miki takardun fanshon soja na Johann, da niyyar ki haɗa ɗan littafi don taron dangi. Na tuna ranar da kika shigo falonmu ko gaisuwa babu, kika gyara tabarau, kika tsaya gaban hoton.

"Delmar, zo ka ƙirga min yatsun tsohon nan."

"Goma ne mana, Yaya. Nawa kike so ya yi?"

"Bakwai. Likitan soja ya rubuta cewa ya baro uku na hannun dama a fagen yaƙi a jihar Tennessee."

"To, ƙila sun sake tsirowa. Kin san ƙasarmu da albarka."

Ya yi dariya, ni ma na taya shi. Ke ba ki yi ba.

Kina da shekara saba'in kika zauna koyon tsohon rubutun Jamusanci, mai kama da sawun kaji, don ki iya karanta littafin cocinmu da kanki. Hunturu biyu kika yi a kansa. A ciki kika gano abin da duk muka manta. Mutanenmu na dā kowane ɗa namiji Johann suke raɗa masa, sai a kira shi da sunansa na biyu. Ashe Johann biyu ne suka sauko daga jirgin ruwa, wa da ƙane. Johann Gottlieb shi ya tafi yaƙi. Johann Ferdinand shi ya tsaya gida, shi ne mai gemu, mai yatsu goma, mai dogon dutse.

Gottlieb ya dawo ba ya iya riƙe garma, ba ya kuma iya zama cikin mutane. Matarsa Minna ta rasu a 1866, sai ya ɗauki ɗansa Emil, yaro ɗan shekara biyar, ya miƙa wa ƙaninsa. Daga Emil ɗin nan kuka fito dukanku. Shi kuwa uban ya koma wani ɗan ɗaki a gefen coci, ya yi shekara goma sha biyar yana kaɗa ƙararrawa da yatsunsa bakwai. Ranar da ya mutu, a watan Maris na 1881, faston lokacin ya rubuta a gefen sunansa: "Soja ne. Ya sha wahala. Ɗansa yana wurin ɗan'uwansa." Da tsoffin sojoji suka zo daga baya da jerin sunaye suna kafa taurari, dutse ɗaya suka tarar mai sunan Johann Pagenkopf, suka kafa a nan. Waɗanda suka san gaskiya suka yi gum.

Saura sanin inda aka binne shi, tunda gicciyen itacen da aka sa masa ya daɗe da ruɓewa. A tsohon ɓangaren maƙabartarmu ba gida-gida ake binnewa ba. Layi ake bi, duk wanda ya mutu sai a kwantar da shi kusa da wanda ya riga shi, mai kuɗi ne ko talaka. Da wannan kika same shi. Kika tafi da ni, kina riƙe da littafi ina riƙe da bakin igiya, muka bi layin 1881 dutse bayan dutse. Ga Uwargida Zastrow da ta rasu a Fabrairu, ga tsoho Buelow da ya rasu a Afrilu. A tsakaninsu akwai fili daidai kwanciyar mutum ɗaya, ciyawa mai laushi a inuwar itace. Ni na fara gane wurin. Nan ne Delmar yake ajiye bokitin tutocinsa duk shekara, ya zauna ya miƙe ƙafa ya sha kofi.

"Amarya," kika ce, "shekara talatin mijinki yana shan kofi a kan kakansa."

Kika yi dariya har kika dafa dutsen Buelow, daga nan dariyar ta koma kuka.

Abu ɗaya kika nema: a cire tauraron nan a kai shi wurin mai shi. Amma Delmar ne shugaban kwamitin maƙabarta, ko fure ba a dasawa sai da yardarsa. Kika shimfiɗa masa takardu a teburin cin abinci ranar wata Lahadi, ya ture su gefe.

"Yaya, ki bar matattu su huta. Mutumin da ya ba da ɗansa ya tafi kaɗa ƙararrawa, shi za ki ce daga tsatsonsa muka fito?"

"Ba ni na ce ba, Delmar. Littafi ne ya ce."

"To, littafin ya zo ya cire tauraron da kansa."

Shekara shida aka yi a haka. Da kin kai maganar gaban taron coci da kin yi nasara a zama ɗaya, don hujjarki ba ta da ɓaraka, kuma matan zumunta sun yi ta zuga ki. Kika ƙi. Ba ki fasa zuwa cin abincin Lahadi ba, ba ki fasa yi masa faɗa a kan yawan cin gishiri ba. Duk watan Mayu kuwa sai ki cika kwalabe biyu da furanni, ki ajiye ɗaya a filin da babu dutse, ɗaya a kan Ferdinand. Kika ce wanda ya riƙe ɗan wani shi ma ya yi nasa yaƙin, ko da ba a ba shi tuta ba.

Da ciwo ya kwantar da ke a farkon bana, na ce miki zan tsare mijina in ga iyakar taurin kansa. Kika kama hannuna kika ce, "Kada ki matsa masa, Amarya. Ba da Gottlieb yake faɗa ba." Ni ma na sani. Tun ranar da ya ce "ya ba da ɗansa" na ji muryarsa ta karye, na san kansa yake nufi. Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, na ji haushinsa ranar Talatar nan, ganin kin rufe ido tauraron yana nan inda yake. Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Ranar Asabar muka binne ki. Da aka gama addu'a jama'a suka nufi zauren coci shan kofi, amma Delmar bai bi su ba. Ya je motarsa ya ɗauko shebur da guduma, da kwat ɗinsa na jana'iza a jikinsa, ya nufi tsohon ɓangare. Ni da Corinne muka bi shi daga nesa. Ƙarfen nan ya fi shekara ɗari a ƙasa, saiwoyi sun naɗe shi. Tsoho ɗan shekara saba'in da shida ya durƙusa yana haƙa yana haki, Corinne ta matsa za ta kama masa, ya ɗaga mata hannu. Da ya fito da shi ya rungume shi a ƙirji, da ƙasar da komai, ya kai shi tsakanin Zastrow da Buelow ya kafa. Ya soka tuta, ko da yake saura kwana tara lokacinta ya yi. Ya miƙe ya sara wa ciyawar nan irin sarawar soja, ya daɗe hannunsa bai sauko ba.

Sannan ya koma kabarinki ya ɗebo furanni, ya cike ramin da tauraron ya bari a gefen Ferdinand, ya ajiye su a kai. Ya juyo ya dubi 'yarsa, mace mai shekara hamsin da huɗu, ya ce, "Corinne, akwai shekara biyu da na kasa riƙe ki. Gwaggonki ce ta riƙe ki. Ga shi ta tafi ban ce mata na gode ba."

"Na sani, Baba," in ji ta. "Ta gaya min makon jiya. Ta ce duk ranar da ka faɗa da bakinka, in ce maka aro ta karɓa, ita ce da godiya."

Yaya, ashe har wannan kin shirya kafin ki tafi. Ranar Litinin ɗin tunawa da sojoji ya tara 'yan makaranta a sabon wurin, ya ba su labarin mai yatsu bakwai tun daga farko, bai rage komai ba. Kofinsa kuma a tsaye ya sha shi.

Allah Ya jiƙanki, Ardith, Ya gafarta miki, Ya ba ki hutun da ba ki taɓa yarda kin yi ba a duniya. Ya haɗa ki da Gottlieb da kika nemo, da Ferdinand da ba ki yar ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙaninki Delmar, da 'yarki Corinne, don taki ce kamar yadda take tawa, da jikokinmu, da dukan zuriyar Emil na kusa da na nesa, da jama'ar cocin Kammin. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya sa mu iya godiya tun masu ita suna ji. Amin.

Amaryarki,
Marlys Pagenkopf