Gwaggo da Mai Haƙa Rijiya

A shekarata ta biyu a Villeurbanne ta ƙasar Faransa, labari ya kai Maradi wai na watsar da karatun injiniya na koma kallon fim. Ba ƙarya ce zalla ba. Ni ce mai zaɓo fim a ƙungiyar sinima ta ɗalibai, kuma makina na lissafi ya ɗan yi ƙasa. Baba bai ja zance ba. Ƙanwarsa, Gwaggo Hajiya mai shagon atamfa a Saint-Denis, za ta zo ta gani da idonta. In ta ce wasa nake, sai in tattara nawa-i-nawa in koma shagonta awon yadi.

Ta sauka daga jirgin ƙasa na Paris ranar Asabar da hantsi, riƙe da ƙullin kilishi. Kamar da gayya, ranar ce za mu nuna wani tsohon fim na ƙarshen duniya, ni ce kuma zan ja muhawara a kan wa aka nuna a ciki, wa aka manta. Na so in zaunar da ita a ɗaki da shayi. Ta ce, "Abin da na zo gani za ki ɓoye mini? Mu tahi."

A tiram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, na lallaɓa na gaya mata cewa a nan ba a magana cikin sinima, ko tari ne danne shi ake yi. Ta ce to. Wannan "to" ɗin bai kwantar mini da hankali ba.

A fim ɗin bam ya cinye birane, 'yan tsirarun da suka rage suna yawon neman ruwa. Duk Turawa ne in ban da baƙar fata guda, mai haƙa musu rijiya, wanda ba ya cewa uffan. Gwaggo ta daure minti biyar cif.

"Kai, wa ke tahiya da tsakar rana kai ba rawani? Ke yarinya, ruhe tulun nan!"

Mutane suka fara waiwaye, ni kuwa ina nutsewa cikin kujera, ina hango kaina da almakashi a shago.

Can rijiya ta rufta da mai haƙar, daidai lokacin da ruwa ya fito. Sauran suka sha, suka cika jarkoki, suka yi gaba. Gwaggo ta buga ƙirji. "Innalillahi! Haka za su bar shi? Allah shi jiƙan ka, bawan Allah!" Kafin in ankara bakina ya ce "Amin." Daga bayan zauren ma wasu muryoyi biyu suka amsa, ashe 'yan Damagaram ne.

Da aka kunna fitilu na tashi da takarduna uku cike da manyan kalmomin Faransanci. Ban kai ga buɗe baki ba Gwaggo ta ɗaga hannu. Ta gai da malamai, ta gai da ɗalibai, ta tambayi gajiya da sanyi da iyalin kowa. Na fassara da cewa tana gaishe su.

"Duk abin da na hwaɗi ke nan?"

Zauren ya fashe da dariya, har waɗanda ba su ji Hausar ba. Sai ta ce, "To, tambaye su, mai haƙa rijiyar nan, mi sunan shi?"

Wani malami da ya sha kallon fim ɗin ya sosa ƙeya. Muka duba jerin sunayen ƙarshe, "mai haƙa" kawai aka sa masa. Gwaggo ta ce, "Mutum ya ba ku ruwa, ba ku san sunan shi ba, ba ku yi mishi sutura ba." Na fassara wannan kalma bayan kalma. Muhawara ta kaure har mai gadi ya leƙo, takarduna kuwa ko shafi ban karanta ba. Kunya ta kama ni da na so barin ta a ɗaki.

Washegari a tashar jirgi ta kira Baba a gabana.

"Yaya, lahiya lau. Ka bar ta. Amma lissahin nan sai ta gyara."

Ta kashe waya, ta gyara mayafi, ta dube ni.

"Ina ƙarama, shekarar da ruwa ya ƙi zuwa, mu ma duniya ta ƙare muna a ƙauye. Mutum huɗu suka shiga rijiya har muka sha. Biyu ba su hito ba. Yanzu ni kaɗai na rage da sunayensu. In kun samu hutu ki taho mini da abin ɗaukar hoto, ki ɗauki labarinsu. Kar ki daɗe."