Waƙar da Ta Danne Ƙarar Ƙarfe

Shekarar da muka baro ƙauye muka tare a Kafanchan, cittarmu a ƙasa muka bar ta. 'Yan bindiga sun ƙone ƙauyen da ke gaba da namu, mu kuma muka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka. Baba bai iya zaman gari ba. Kullum da safe sai ya wasa fartanyarsa a bakin ƙofa, ya mayar da ita ƙarƙashin gado. In Mama ta yi magana, sai ya ce citta tana da haƙuri, za ta jira mai ita.

A lokacin ne waƙar ta fito. Mai ita ɗan ƙauyenmu ne, a ƙungiyar mawaƙan cocinmu ya koyi waƙa kafin ya tafi Abuja. Da jita yake rerawa, a hankali, da Hausa, amshin kuma da yarenmu. Yana cewa ya gaji da kwalta, zai koma inda aka binne cibiyarsa, ya ci tuwon acca, ya taka ƙasa ba takalmi. Ya ambaci rafinmu da ɗorawar bakin hanya. A keke napep ita ce, a shagon aski ita ce, a gidan biki ita ce. Ni ina kwaleji lokacin. Nakan sa ta a kunne in rufe ido, in ga gajimare yana sauka a kan duwatsunmu.

Baba ya fi kowa kamuwa. “Yaron nan ya fi mu zuciya,” in ji shi. Ya bi mutanenmu gida gida, har aka yarda za a yi gayya a haƙe cittar kowa, a je da safe a dawo kafin rana ta karkata. Da mawaƙin ya ji, ya aiko cewa zai zo a ɗauki bidiyon waƙar a can.

Tun da aka fara tashin hankali, ba a aiki a gonakinmu sai da mai gadi a kan dutsen da ke bisa su. Akwai tsohon ƙarfen ƙafar mota a rataye a wurin. In mai gadi ya hango baƙi sai ya buga, kowa ya yar da fartanya ya gangara rafi, inda duhuwa take. Ranar gayyar ni aka ba aikin.

“'Yar boko, hau dutse,” in ji Baba. “Da ma kallon sama ne sana'arki.”

Mawaƙin ya iso a a-kori-kura tare da mai kyamara, yana sanye da malafa da takalmi har gwiwa. Baba ya dube shi daga sama har ƙasa.

“Kai, ɗana, ba kai ne ka ce ba takalmi ba?”

“Baba, kunama fa!”

“Kunamar garin nan ta san ka tun kana yawo ba wando. Cire!”

Ya cire, mata suna guɗa.

Gayya ba ta yiwuwa sai da kiɗa, kiɗan ne ke haɗa saran fartanya. Da ganga aka saba, ƙarar ƙarfe kuwa ta fi ta ganga kaifi, ko ana tsakar kiɗa za a ji. Amma makaɗinmu ya koma Kujama wurin 'yarsa. Sai aka sauke manyan lasifikokin mawaƙin, aka tayar da janareta, aka saki waƙar. Ba wanda ya yi tunanin a gwada ƙarfen tukuna. Ni ma daga sama bin amshin nake yi.

Rana ta kusa tsaka lokacin da na ga ciyawa tana motsi ta gefen daji. Babura ne, kowane da goyo, bindigogi a tsaye. Na ɗauki sandar ƙarfe na buga. Na buga har kunnena ya toshe. A ƙasa ba wanda ya ɗago. Fartanyoyi suna sauka tare, mata suna tsince citta suna rausaya, mai kyamara yana bin mawaƙin. Na yi ihu, na kira Yesu, na kira Mama, waƙar ta haɗiye muryata. Tafin hannuna ya tsage, jini ya sa sandar tana zame mini.

Baba ne ya fara ɗagowa. Ba ji ya yi ba, al'adarsa ce ya dubi dutse in ya kai ƙarshen kunya. Ya ga hannuwana suna sama da ƙasa. Rafi yana bayansa, kusa ƙwarai. Ya juya masa baya, ya ruga cikin fili wajen motar, ya fizge wayar lasifika.

Waƙar ta yanke. Ƙarfen ya cika kwarin.

Mutane suka watse. Na ga Mama ta ja wata tsohuwa sun faɗa duhuwa. Na ga mawaƙin yana gudu ba takalmi. Sai harbi ya tashi. Mai kyamara ya kife a kan tarin citta. Wani kawuna da ya tsaya ɗaukar fartanya, suka cim masa da adda. Baba ya baro motar yana gudu, harsashi ya same shi a baya, ya durƙusa kamar mai addu'a, wani ya ƙara masa. Wayar tana hannunsa har lokacin. Ban daina bugawa ba sai da harsashi ya fasa dutse kusa da ƙafata, na faɗa cikin wani tsagi na lafe, ina jin warin motar da suka cinna wa wuta.

Da suka tafi, mawaƙin ne ya goyo Baba har bakin titi. Ƙaya ta yayyaga masa ƙafafu, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Wajen zaman makoki ya durƙusa gaban Mama. Ta dafa kansa ta ce, “Tashi, ɗana. Gida ka kira shi, ya je.”

Cittar tana can, ba wanda ya koma. Waƙar kuma har yanzu ana sa ta, ta ma ƙara karɓuwa. Ban tsane ta ba, rafinmu yana cikinta. Amma in na shiga keke na tarar da ita, nakan taɓa kafaɗar direba in ce, “Ɗan'uwa, don Allah rage kaɗan.” Wasu sukan tambaye ni ko ba na son waƙar ne. Sai in ce ina so, waje kawai nake son ji.