Mai Kiwon Ɓeraye a Tashar Kazaure

Batulu na zaune a tashar Kazaure tana jiran motar Roni, ta miƙe kumburarriyar ƙafarta a kan buhun gyaɗa, sai idonta ya sauka kan wani saurayi. Siriri ne mai gilashi, yana rungume da keji kamar mai jego. Fararen ɓeraye ne a ciki, sun yi ɓulɓul, ko ragon layya bai sami wannan gata ba. Yana yi musu fifita da kwali, yana tare musu rana da bayansa, shi kuwa gumi na ta tsiyaya.

A sanin Batulu, tsakanin mutum da ɓera sai tarko. Ta kasa haƙuri.

"Ɗan nan, waɗannan kuma 'ya'yan wane ne?"

Ya rusuna. "Na bincike ne, Iya. Allura mai zafi muke yi musu a tafin ƙafa, sai mu zauna mu lura da yadda suke ɗage ƙafar suna lasa. Da haka muke auna ciwo, mu gwada magani."

Wataƙila can gida mahaifiyarsa na ta cika baki ɗanta likita ne. Batulu ta dubi tata ƙafar, da tun damina take ɗingishi da ita ba wanda ya zauna ya lura.

"Allah ya yi albarka," ta ce. "In wuri ya samu a kejin, ka tuna da ni. Ni ba sai an ɓarnatar da allura ba, da ciwona na zo."