Kiran da Na Hana Kofur Lawali Katsewa

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da wata ranar Talata cikin bazara, lokacin ina Sufeto mai kula da sintiri a wani ofishinmu na yankin Mafara, wanda ba sai na kama sunansa ba. Ku da kuka same ni da furfura kuna ce mini Baba Sufeto mai haƙuri, dariya kawai kuke ba ni. A wancan lokacin wuta ne ni. Ina da doka guda wadda kowane ƙaramin ma'aikaci ya haddace: in na kira wayarka ta yi ƙara uku ba ka ɗauka ba, to ka shirya amsa takardar tuhuma.

Ga wanda bai san aikin ba, a ƙa'ida da oba-oba ake magana tsakanin ofis da motar sintiri, kuma wanda ke zaune gefen direba shi ke riƙe ta. Amma tamu da mota ta ɗan yi nisa sai ta koma shuuu, ba ka jin komai. Dole muka koma ga wayar hannu. Ita kuwa waya tana da mai ita, kuma a tarbiyyarmu, ta gida da ta kaki, ƙarami ba ya katse wa babba magana, ba ya kuma miƙa kiran babba ga wani ya ce amsa mini. Rashin kunya ke nan.

Direbanmu Kofur Lawali ne, mutumin Bakura, mai igiya biyu a hannu da 'ya'ya biyar a gida. Ba shi da yawan magana, kuma ya fi shekara goma yana tuƙi ko kaza bai taɓa takawa ba. Sau ɗaya ya ƙi ɗaukar kirana, a hanyar Janbako, ya ce ramuka ne suka hana shi sakin sitiyari. Na tsayar da shi gaban faretin safe na wanke shi tas, na ɗora masa gadin ƙofa na mako guda. Tun daga ranar ko yana alwala ya ji kirana sai ya ɗauka da jiƙaƙƙen hannu.

To ranar da nake faɗa muku, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, aka kira ni daga wani ƙauye ta hanyar Bakura, aka ce an kama wani da injin ban-ruwa na sata, matasa sun taru suna neman su gama da shi. Motarmu ce ta fi kusa, tana dawowa daga wajen Maradun. Na nemi sajen da ke jagorantar motar, wayarsa a kashe, caji ya ƙare. Sai na danna ta Lawali. Ƙara ɗaya ya ɗauka.

Ya fara gaisuwa kamar yadda aka saba, na katse shi, na shiga yi masa kwatancen ƙauyen: inda zai sauka daga kwalta, da gadar da zai wuce, da sunan mai garin da zai nema. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mun kusa shiga gari, yau kasuwa, hanya ta cika. Bari in faka."

Na ce, "Kada ka kuskura ka tsaya. Ran mutum ake magana. Taka mota, ka maimaita mini abin da na faɗa."

Ya fara maimaitawa. Ya kai kan maganar gadar, sai na ji salati, na ji ƙarar birki, na ji wani gum, kamar an yar da buhu daga saman rumbu. Wayar ba ta katse ba. Ina zaune a kujerata, fanka tana juyawa, ina jin ihun mutane da muryar wani dattijo yana kiran sunan Allah. Wallahi sai da na kasa ajiye wayar.

Wani manomin rani ne, Malam Mani, ya fito daga hanyar gona a kan babur da buhun albasa biyu zai kai kasuwa. Motar ta kwashe shi ta gefe, cinyarsa ta karye. Lawali da kansa ya ɗauke shi zuwa asibiti. Shi kuwa ɓarawon inji, ashe tuni mai gari ya kulle shi a zaurensa ya zauna bakin ƙofa, ba wanda ya taɓa shi har aka je da yamma aka ɗauko shi.

A ƙa'ida, in motar aiki ta yi haɗari, ana karɓe makulli daga direba, ya rubuta bayaninsa, shaidu su rubuta nasu, babban jami'i ya haɗa rahoto, sannan a yi masa shari'ar cikin gida. Hukuncinta yana farawa daga gargaɗi, ya bi ta rage igiya, ya ƙare a kora. Jama'a da dama sun ga waya a kunnen Lawali, gari ya ɗauka, har direbobin tasha suna yi mana tsiya, wai mu ke kama su kan waya ga namu ya nuna musu yadda ake yi. Baturen 'yan sandanmu, wato shugaban ofis, ya ce daga sama an nuna ana son a yi misali da shi. Kowa ya san ma'anar haka, kaki za a tuɓe masa. Kuma ni aka ba haɗa rahoton.

Da na karanta bayanin Lawali sai na ga ya rubuta cewa yana amsa waya ne hankalinsa ya rabu, laifinsa ne. Bai ce wa ya kira ba. Sajen ma ya rubuta cewa ya ga direba yana waya, shi ke nan. Ba wanda ya tambaya, domin kowa ya ɗauka matarsa ce ko wani aboki. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji sanyi a raina. Sunana yana cikin waɗanda za a tura neman ƙarin girma a wannan shekarar, kuma na daɗe ina jiran tauraron nan. Kwana biyu rahoton yana cikin durowata ina lallaɓa zuciyata, ina cewa ai ba ni ke riƙe da sitiyari ba.

Rana ta uku na tafi asibiti ɗaukar bayanin Malam Mani. Na same shi an ɗaure ƙafar an rataya, matarsa tana yi masa fifita. Muka yi doguwar gaisuwa, na yi masa jaje, ya ce ƙaddara ce, ya yafe wa yaron, don ya ga yadda ya rungume shi yana kuka. Har na rufe littafi zan tashi, sai ya ce, "Yallaɓai, abu guda ka damuna. Na ɗaga mai hannu, idonai na bisa hanya amma bai gan ni ba. Wane ne wanga da yaka magana da shi, da har ya fi ran mutum?"

Na ce masa ana bincike. Na fito na tsaya gindin wata bedi a harabar asibitin, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Ni da nake tsayar da mutane a fareti ina koya musu gaskiya, ga shi na yi wa mai karaya ƙarya a gadon asibiti. A nan na yanke abin da zan yi, kuma ban sake waiwaya ba.

Na kira Lawali ofis na tambaye shi dalilin da bai sa sunana ba. Ya sunkuyar da kai ya ce shi bai iya ba, kuma ko ya sa, wa zai yarda da kofur a kan Sufeto? Ya roƙe ni in bar maganar haka, kada mu nutse mu biyu. Raina ya ɓaci, na daka masa tsawa na ce ba shawararsa nake nema ba. Kun ji halin nawa, ko alheri zan yi sai na haɗa da faɗa.

Na zauna na rubuta nawa bayanin da hannuna: lokacin da na kira, abin da ya ce, abin da na ce, har da hukuncin da na taɓa yi masa kan hanyar Janbako. Na liƙa a gaban rahoton na kai wa Baturen. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya tambaye ni ko na san abin da takardar nan za ta yi wa fayil ɗina. Ya ce shi bai ga komai ba tukuna, in ɗauke ta in je in yi tunani. Mutumin kirki ne, tausayina yake ji.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gama tunani. Yaron nan ya nemi ya tsaya, ni na hana shi. In an kore shi, a kan umarnina aka tuɓe wa wani kaki."

Ya jawo takardar ya sa hannu.

Ranar shari'a wani babban jami'i ne ya zo daga shiyya ya zauna. Aka shigo da Lawali ba hula ba bel, kamar yadda ake yi wa wanda ake tuhuma, aka karanta masa laifi ya amsa. Aka kira ni shaida, na maimaita komai a gaban ƙananan da na saba yi wa tsawa. Jami'in ya tambaye ni ko gaggawar ba ta isa hujja ba. Na ce gaggawa gaskiya ce, amma da na bar shi ya faka, minti ɗaya zai ɓata, ko in ce ya ba saje wayar, wanda ba zai ɓata komai ba. Ban yi ko ɗaya ba, don na saba in na yi magana a saurare ni ni kaɗai.

Aka rage wa Lawali igiya ɗaya, aka hana shi tuƙi na wani lokaci, domin doka ba ta ɗauke wa direba laifi don an umarce shi, kuma ba ta ware ɗan sanda daga sauran masu tuƙi ba. Amma ba a kore shi ba. Ni kuma aka ba ni gargaɗi mai tsanani a rubuce, aka cire sunana daga jerin. Da igiyar Sufeton nan na yi ritaya. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma ko yau aka maido ni gaban teburin nan takardar zan sake miƙawa.

Na san abin da wasunku za su ce, don kun sha faɗa mini: aikinmu na gaggawa ne, kuma akwai hanyoyi a yankin nan da mai hankali ba ya faka mota a kansu. Na yarda. To shi ya sa ba a fita sintiri mutum ɗaya. Kafin a tada mota, direba ya miƙa wayarsa ga na gefensa, a kuma tabbata akwai caji. In kai kaɗai ne, bar ta ta yi ta kuka har ka kai inda za ka iya tsayawa. Kakinka bai ƙara maka ido ba, bai ƙara maka hannu na uku ba.

Amma ba direbobi na fi yi wa wannan magana ba. Ku nake yi wa, masu shirin zama a kujera da waya a hannu. Abin da na koya shi ne ƙaramin ma'aikaci ya fi tsoron ya ɓata wa ogansa rai a kan ya mutu a hanya, kuma zai ɗauki laifinka ya rufa maka asiri ko da abincin 'ya'yansa ne zai tafi. Saboda haka in ka kira mota, tambayar farko ita ce wa ke tuƙi. In ya ce shi ne, kai za ka katse, don shi ba zai taɓa iyawa ba.

Lawali ya maido igiyarsa bayan shekaru, har ya zama saje. Malam Mani kuwa na koma na ba shi amsar tambayarsa, na ce ni ne. Ya ce Allah shi yafe muna baki ɗaya. Ƙafar ba ta koma daidai ba. Bai ƙara hawa babur ba, kuma har yau da sanda yake zuwa gonarsa.