Ranar da Na Kankare Kawunan Girkawa

Edita, a shekarun da nake ba da labarinsu ni direba ne a Riyad, ina jan motar wani dattijo Bagirke mai aiki a wani ofishin jakadanci. Shi ya tsaya mini a kan ikama, wato takardar zama, kuma da aikin nan nake ciyar da mutum tara a Funtuwa. Ga ni da zafin kai, ga ɗan karatun da bai taka kara ya karya ba, amma ji nake ni malami ne.

Mutumin nan ba shi da hira sai ta wata tsohuwar waƙar kakanninsa. Da cunkoso ya riƙe mu a unguwar Ulaya sai ya ɓarke da ita da ka, labarin wani jarumi da ya shekara goma a teku yana neman hanyar gida. Wai har gobe ana zana ta, ana wasan kwaikwayo da ita, ana koyar da ita a jami'o'i. Ni dai ta ishe ni. A zauren gidansa, inda nake shimfiɗa darduma idan ina jiransa, akwai wani jan tulu da aka zana mutanen waƙar da baƙin fenti, tsirara haihuwar uwarsu, suna tuƙa jirgi. Kuma daidai alƙibla! Abin ya tsaya mini a rai. Na kai kuka wurin wani ɗalibi ɗan garinmu, ya ce shi dai ya karanta cewa hoto idan babu kai ya tashi daga hoto. Bai ce in yi komai ba. Ni da ƙaranbanina, ranar da maigida ya tafi Jidda na sayo sanfefa a kasuwar Batha, na bi mutanen tulun ɗaya bayan ɗaya ina kankare kawunansu, kai goma sha ɗaya. Har ina yaba wa kaina adalci da na bar musu jiki.

Da ya dawo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Zama ya yi a ƙasa ya rungume tulun. Ya ce mahaifinsa maginin tukwane ne, shi ya zana shi a shekarar da ya rasu, kuma fuskar ɗaya daga cikin matuƙan jirgin fuskarsa ce shi mahaifin. Sai ya tambaye ni me ya hana in faɗa masa, ai da ya mayar da tulun bene. Bayan mako biyu aka buga mini bizar fita ba dawowa.

Har yau in na tuna haushin kaina nake ji. Na ɗauka addini nake karewa, ashe girman kai ne da guntun ilimi. 'Yan'uwa masu aiki a gidajen mutane, abin da ba naka ba kada ka yanke masa hukunci, buɗe baki ka tambaya. Ni na rasa abincin mutum tara, shi kuma babu inda zai sake ganin fuskar ubansa a jikin tulun nan.