Ranar da Na Ce a Goge

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Sunusi makwancinsa a Karaye, kuma har yau akwai laifin da na yi masa bayan ransa wanda na kasa yafe wa kaina.

Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, sana'arsa haɗa kwamfuta. Kowa ya san shi da nawa, ba ya gaggawa. Madabod, wato allon nan na ciki da kowane sashe na kwamfuta ke manne a jikinsa, Yaya ba ya sayensa da ido. Sai ya sa faifan ajiyarsa a aljihu ya tafi Kano, ya zauna a shagon mutane ya jona, ya ga babbar manhaja ta tashi, sauti ya fito, firinta ta amsa, sannan ya saya. Wani lokacin ya wuni ya dawo hannu rabbana. Na taɓa yi masa tsiya na ce ko neman aure ne ai ba a wannan binciken. Ya ce, "Bala, allon kirki shi ne wanda ya yarda da manhajarka, ba mai ƙyalƙyali ba."

Shi ya haɗa mini kwamfutar da nake buga takardu da ita a shagona na Rogo. A cikinta ya ajiye bidiyon sunan 'yarsa Hafsat, yana magana yana dariya. Wayarsa ta ɓata a hatsarin da ya yi ajalinsa, don haka nan kaɗai muryarsa ta rage.

Shekara biyu da rasuwarsa allon ya ƙone, ana tsakiyar rajistar jarrabawa, mutane cike da shago. Na ruga Kano da kwamfutar na sayi sabo fil mai fitilu, ban tambayi komai ba. Aka jona, tsohuwar manhajar ta ƙi tashi. Mai gyara ya ce, "Malam, sai dai a goge a sa sabuwa." Na ce a goge. Sai a mota, mun ci rabin hanya, na tuna abin da ke ciki.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yau, da mutum ke ganin hoton allo a waya ya saya bai taɓa shi ba. Na san dai ba zai yi faɗa ba. Kai zai girgiza, kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

Bana Hafsat ta tsare ni: "Baffa, yaya muryar Abbana take?" Na shiga bin mutanen da ya haɗa wa kwamfuta, a ƙauyukan Kwanyawa, Yola da Beli, ko an dace wani na da muryarsa a ajiye. Ban sami muryar ba, amma yawancin kwamfutocin har yau suna aiki lafiya lau, kuma ina ganin abin da ya rage nasa a duniya ke nan: aikin da bai yi ha'inci a ciki ba.

A Beli wani tsohon malami ya kwance murfin tasa ya nuna mini. A cikin murfin Yaya ya rubuta sunan allon, da manhajar da ta dace da shi, a ƙasa kuma: "Kada a goge sai an kwafe."

Na koma Rogo na kwance murfin tawa. Rubutun yana nan. Ranar a Kano, murfin yana kife a ƙasa, dab da ƙafata.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Gobe zan kai wa Hafsat murfin, in gaya mata gaskiya.